Gitar ɗari da hannun mutum ɗaya: a kan kiɗan Glenn Branca

A shekarar 1982, a bikin New Music America da aka yi a birnin Shikago, John Cage ya saurari wani kiɗan Glenn Branca mai suna Indeterminate Activity of Resultant Masses, wanda aka tsara wa gitar lantarki goma da ganguna, ya fita ransa a ɓace. Cage a lokacin yana dab da shekara 70, kuma shi ne dattijon masu gwaje-gwajen kiɗa a Amurka, mutumin da a 1952 ya tsara kiɗan da mai piyano zai zauna minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba. A hirar da ya yi da Wim Mertens ɗan Beljiyam, ya nuna cewa abin da ya ji nufin mutum ɗaya ne aka ɗora wa kowa da ƙarfi, kuma al'ummar da za ta yi kama da wannan kiɗa za ta yi kama da mulkin fasist. Wannan zargi ya bi Branca har kabari. Ina ganin Cage ya hango wani abu na gaskiya, amma ya ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Kafin a yi shari'a, sai a san abin da ake shari'a a kansa. Branca an haife shi a 1948 a Harrisburg ta jihar Fensilbaniya, kuma ta ƙofar wasan kwaikwayo ya shigo. Ya koma Niyok a 1976, ya kafa ƙungiyar Theoretical Girls tare da Jeffrey Lohn, a zamanin da matasan ƙasan birnin ke ƙoƙarin rushe duk wata ƙa'ida ta kiɗan rok. A nan ya haɗu da Rhys Chatham, wanda hanyarsa daban ce: almajirin La Monte Young ne, mai sana'ar saita kayan kiɗa irin piyano, wanda ya je ya ga Ramones a gidan rawa na CBGB ya dawo da tunanin cewa gitar lantarki za ta iya yin aikin da malaminsa ke yi da dogon sauti. Guitar Trio na Chatham, na 1977, shi ne mafarin wannan hanya, kuma Branca yana cikin waɗanda suka kaɗa shi. Masu rubutu kan manta da wannan, su ba Branca rawanin shi kaɗai.

Dabarar tana cikin tsirkiya. Idan ka taɓa tsirkiyar gurmi ko molo, kunnenka zai ce sauti ɗaya ya ji, alhali tsirkiyar tana kaɗawa gaba ɗayanta, tana kuma kaɗawa rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, duk a lokaci guda. In uwar tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, akwai ƴaƴanta a 220, da 330, da 440, har sama. Waɗannan ƴaƴan sauti su ne mai busa kakaki a ƙofar Sarkin Damagaram ke hawa a kansu, tunda kakaki ba shi da ramukan yatsu. A gurmi ƴaƴan nan suna ɓoye. Amma ka ɗaure tsirkiyoyin gitar a kan sauti guda ko ninkinsa, ka jera makaɗa huɗu ko goma kowa da amfilifayarsa a buɗe, su yi ta sarar tsirkiya da sauri ba tsayawa, sai ƴaƴan su taso su cika ɗakin. Mai sauraro ya soma jin kamar taron mata na rera waƙa, ko ƙaho, ko ƙararrawa, alhali babu ɗaya daga cikinsu a dandalin. Branca ya bi wannan har ya ƙera kayan kiɗansa na kansa, kuma simfoninsa na 3, Gloria, na 1983, ya gina shi ne a kan tazarori 127 na farko na wannan jeri.

Ƙarar ke nan ba ado ba ce, ita ce fitilar da ake ganin abin da ita. Wannan ya jawo wata matsala da ni, mai aikin rediyo, na fi kowa saninta. Na'urar da ke daidaita sauti kafin ya fita daga tasha takan danne mai ƙarfi ta ɗago mai rauni, sannan kiɗan ya faɗa cikin lasifikar wayar salula ko ƙaramar rediyon mai shayi. Duk lokacin da na saka Branca a shirina na dare, abin da ke isa ga mai sauraro kamar injin niƙa ne daga nesa, kuma waɗanda suka kira suka faɗi haka ba su yi ƙarya ba. Ba don kunnenmu bai saba da gitar mai tsatsa ba ne. Wanda ya halarci biki a Agadas, ko ya ji Bombino ko Mdou Moctar, ya san amfilifayar da aka buɗe har tana kuka. Sai dai a can akwai murya, akwai tafi, akwai rawa, akwai gwanin da ke fita gaba ya nuna yatsunsa. Branca ya kwashe duk wannan ya zubar. Babu waƙa, babu gwani, sai taro.

A nan ne zargin Cage ke da ƙafa. Duk wanda ya kalli hoton bidiyon Branca yana jagorantar makaɗansa ya ga mutum yana karkarwa, yana durƙusawa, yana naushin iska, makaɗa kuma kansu a sunkuye kowa yana maimaita ɗan abin da aka rubuta masa. Mai sauraro ma ba shi da wurin ɓuya, ƙarar tana shiga ƙirji ko ka so ko ka ƙi. Amma in wannan ne fasist, to kowane madugun makaɗan Turai da ya ɗaga sanda a gaban mutum tamanin ɗan kama-karya ne, haka ma sarkin makaɗa da ƴan amshinsa. Abin da Cage bai ba muhimmanci ba shi ne cewa Branca yana iko da hannuwan makaɗa ne kawai. Abin da ke tashi sama da kawunansu ba ya hannunsa: ya danganta da faɗin ɗakin, da bangon, da inda ka tsaya, da yadda ka karkata kai. Mutum biyu a sahu ɗaya ba sa jin abu ɗaya. Wannan kuwa ya yi kusa ƙwarai da abin da Cage kansa ya yi rayuwarsa yana nema, wato sautin da mai tsarawa bai ƙaddara ba. Branca bai ɓoye zargin ba: da aka fitar da kiɗan a faifai shekaru da yawa bayan haka, an saka hirar Cage a ciki.

Ni inda nake da ƙorafi wani wuri ne daban, wato yawa. Faifan The Ascension na 1981 gitar huɗu ne da bas da ganguna, cikin makaɗan har da Lee Ranaldo, wanda shi da Thurston Moore suka kai wannan saitin tsirkiya cikin Sonic Youth, ƙungiyar da kamfanin Branca, Neutral, ya fara fitar wa faifai. A The Spectacular Commodity kana jin kowace gitar tana da bakinta, ɗaya ta yi kira ɗaya ta amsa, gangar Stephan Wischerth tana tura su gaba kamar mai kora shanu, sannan a ƙarshe duhun ya yaye haske ya fito. Kiɗan da ya ba faifan suna, mai kusan minti 13, hawa ne a hankali wanda kowane mataki nasa yana da dalili. Ka kwatanta da simfoni na 13, Hallucination City, na gitar 100, wanda aka fara kaɗawa a filin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a Niyok a watan Yunin 2001, wata uku kafin a rushe benayen. Labarin yana da girma, hoton yana da girma, amma kiɗan ya yi kauri har ya daina motsi. Mutum ɗari ba sa iya juyawa da sauri, dole a rubuta musu abu mai sauƙi, sai ya zama guguwa ce ta taso, ta lafa, ta sake tasowa. Sunan simfoni ma ina zarginsa da neman kujera a majalisar Bruckner da Mahler, alhali abin da ya sa kiɗan ya yi rai tun farko shi ne ƙurar gidan rawa da ke jikinsa.

Chatham ya fi sanin abin yi da taro, a ganina. Bayan ya koma Faransa ya rubuta An Angel Moves Too Fast to See na gitar 100 a 1989, sannan A Crimson Grail na gitar 400 da aka kaɗa a majami'ar Sacré-Cœur ta Faris a 2005. Maimakon ya tara ƙarfinsu ya doki mai sauraro, sai ya sa su kaɗa a hankali, sautin ya riƙa yawo cikin kubba kamar hazo. Gitar ɗari huɗu suna raɗa abu ne da gitar huɗu ba za su iya ba, don haka yawan yana da hujja. Wajen Branca ban cika samun wannan hujjar ba.

Branca ya rasu a watan Mayun 2018 yana da shekara 69, sankarar maƙogwaro ce ajalinsa. A shekarunsa na ƙarshe ya koma wa ƙaramar ƙungiya: The Ascension: The Sequel a 2010, sai The Third Ascension da ya fito a 2019 bayan rasuwarsa, wanda matarsa Reg Bloor ke cikin makaɗansa. Duka biyun gitar huɗu ne da bas da ganguna. Wanda zai gwada, ya fara da na 1981, ya nemi lasifika mai kyau da ɗakin da maƙwabta ba za su kai ƙararsa wajen mai unguwa ba, kuma kada ya toshe abin sauraro a kunne ya buɗe shi har ƙarshe, don jin da ya tafi ba ya dawowa.