Kunnen Bakanike da Fijon da Ta Ƙi Tashi

Motar da ta yi gum idan an murɗa makulli ba ta da wuyar sha'ani: ko batir ya mutu, ko kan batir ya saki, ko kik ya ƙone. Wadda ke raba gwani da ɗan koyo ita ce mai juya inji lafiya lau, kik na ta gurnani, amma ta ƙi kamawa. A nan tsofaffin kanikawan Zuru, waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a ƙarƙashin Peugeot 504, suke nuna abin da suka sani.

Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa Fijo a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan an daina yin ta a ƙasar da ta ƙera ta. A zamaninta ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce ta hafsoshin soja, waɗanda ƙasar Zuru ta haifa da yawa, ita ce kuma ta haya. A-kori-kurarta ta sha buhunan dawa tsakanin Zuru da Ribah da Mahuta da Kontagora, har yau ma akwai tsiraru da ke lallaɓawa. Ba ta da kwamfuta, ba ta da ramin da za a soka na'ura ta faɗi ciwonta. Duk abin da za a sani, sai dai kunne da hanci da ido su gano shi.

Gwani ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake farawa da ita: “Direba, jiya lafiya ka ajiye ta? A ina ka sha mai? Wa ya taɓa ta kafin ni?” Ta ukun nan direbobi ba sa son ta. “Wallahi maigida, babu wanda ya taɓa ta.” Shi kuwa maigida idonsa na kan sabon salatif da aka naɗe wata waya da shi, bai ce uffan ba.

Sai ya ce a ba ta kik, ya karkata kai. Injin da matsinsa ke nan yana juyawa da nauyi-nauyi, kowane fistin sai ya yi turjiya kafin ya wuce. Idan ya ji yana gudu sakayau, ba turjiya, ya san matsi ya tafi: ko sarƙar taimin ta tsallake, ko bawul ba ya rufewa, ko gaskit ya ƙone. Wannan babban aiki ne, amma ba kasafai yake faruwa ba. Idan ta yi tari ta bakin kafireta, wuta tana zuwa ba a kan lokaci ba. Idan warin fetur ya bugi hanci, an cika ta da mai ne saboda yawan taka totur. Maganinta a danne totur har ƙasa, a riƙe shi, a ba ta kik iska ta share.

Wuta yake fara nema, domin gwajinta ba ya cin ko sisi. Zai zare wayar da ta taso daga kwail zuwa tsakiyar distirbuta, ya riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, a murɗa makulli. Aikin kwail shi ne ya ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa, don haka lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara, ƙyas-ƙyas. Ja mai sanyin jiki ba za ta kunna komai a cikin silinda ba. Idan akwai wuta a wannan waya amma ba ta isa fulogi, laifin yana tsakani: rota ko murfin distirbuta. Da damina, raɓar dare kaɗai ta isa ta kwanta cikin murfin ta sace wutar, tsumma busasshe ya gama magana. Idan kuwa babu wuta tun daga kwail, sai a leƙa kwantak. Tazarar bakinsa milimita 0.4 ce, kuma ƙurar hunturu tana cin ɗan dunduniyar da ke buɗe shi har tazarar ta rufe. Tsohon hannu yakan kankare bakin, ya saita shi da ido, in ka auna ka tarar bai kauce ba.

Akwai wani tarko da Fijo ke kama yara da shi. Jerin wutarta 1-3-4-2 ne, kamar yawancin injuna masu silinda huɗu, amma Faransawa daga baya suke fara ƙirga silinda, daga wajen giya. Yaron da ya saba da motocin Japan sai ya ƙirgo daga gaba, ya jera wayoyin tsaf a ganinsa, wuta ta riƙa sauka lokacin da silinda ke gama fitar da hayaƙi. Komai sabo, komai lafiya, mota ta ƙi tashi.

Sai an wanke wuta daga zargi ake komawa kan mai. A cire matatar iska, a motsa totur da hannu, a leƙa ko fetur na tsartuwa a maƙogwaron kafireta. In babu, a ɗiga ɗan kaɗan a ciki. Ta kama ta sake mutuwa, to mai ne ba ya isowa. A zare tiyo a sa cikin kwalba a ba da kik: famfon mai da fatarsa ta yage ba zai turo ba, in kuma ya turo, kwalbar za ta tona asirin ruwa, don ƙasa yake kwanciya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ciwo ya ƙaru, saboda direba lita kaɗan yake saye, sau da yawa a galan wajen 'yan bumburutu, tanki kullum a ƙasa, famfo na zuƙo tsatsa da laka. Al'adar zuƙar tiyo da baki kam, ko gwani ne ya yi ta, ban yaba ba. Fetur guba ne.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne haƙurin barin kafireta sai ƙarshe. Ita ce ta fi ɗaukar zargi, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa a hannun mai gaggawa, wanda zai warware ta, ya ɓatar da ƙaramin jet a cikin ƙasa, ya ƙara wa mota ciwo na biyu alhali na farko kwantak ne kawai. Mai tsohuwar mota, idan ka ga bakanike ya nufi kafireta da sukudireba bai gwada wuta ba, ka dakatar da shi cikin ladabi, ka ce a fara nuna maka wutar tukuna.