Jirgin Ceton Penlee da Labarin da Ake Yi wa Kwaskwarima

A Birtaniya da Ailan, mafi yawan aikin ceton waɗanda teku ta rutsa da su yana hannun ƙungiyar RNLI, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824. Masu shiga jiragenta galibi ’yan sa-kai ne: masunci, makanike, mai shago, ma’aikacin gidan waya. In an buga ƙararrawa kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya ruga bakin ruwa. Kuɗin aikin kuma daga aljihun jama’a yake fitowa. Bahaushe zai gane abin da sauri in an ce masa gayya ce, sai dai wannan gayyar ba kullum ake dawowa a cike ba.

Ƙungiyar da ke rayuwa da sadaka dole ta iya ba da labari, kuma nan ne nazarin ya fi daɗi. A watan Disamban 1886 jirgin Jamus mai suna Mexico ya kafe a gaɓar Lancashire. Jiragen ceto uku suka fita. Na Lytham ya kwaso ma’aikatan jirgin su 12 lafiya lau, amma na Southport da na St Annes suka kife, masu ceto 27 suka halaka. Wani attajirin auduga, Charles Macara, ya ga yadda zukatan mutane suka karaya, sai ya shirya jerin gwano da tara taimako a titunan Manchester a 1891. Tun daga lokacin labarin rashi da akwatin tara kuɗi suke tafiya tare. Labarin ya samu tsarinsa: dare, guguwa, ƙauye ƙarami, maza kaɗan da ba su yi wata-wata ba, sai zawarawa da marayu.

Babu inda wannan tsari ya cika kamar a Penlee, a yankin Cornwall. Ranar 19 ga Disamban 1981, sabon jirgin dakon kaya Union Star, ɗauke da takin zamani daga Holan zuwa Arklow a Ailan, ya samu matsala: ruwan teku ya gauraye da mansa, injin ya mutu. Mutum takwas ne a ciki, har da matar kyaftin Henry Morton da ’yan mata biyu. Iska ta kai ƙarfin mahaukaciyar guguwa, igiyar ruwa na tashi kusan mita 18. Jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya zo daga Culdrose ya yi iya yinsa, ya kasa ɗaukar ko mutum ɗaya. Da ƙarfe 8:12 na dare aka saki Solomon Browne, jirgin ceto na katako mai tsawon ƙafa 47, daga tashar da ke kusa da ƙauyen Mousehole. Ya yi ta kai kansa jikin babban jirgin, igiya na ɗaga shi tana makawa. Saƙonsa na ƙarshe ta rediyo shi ne sun kwaso mutum huɗu. Suka koma ɗauko sauran, ba a sake jin duriyarsu ba. Rayuka 16 suka salwanta a daren.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a tashar kafin a tashi, wanda a ganina ya fi duk wata lambar yabo bayyana al’adar. Mutum 12 suka amsa kira, shugaban jirgin Trevelyan Richards ya zaɓi bakwai. Cikin waɗanda ya mayar akwai Neil Brockman, ɗan shekara 17, domin mahaifinsa Nigel yana cikin masu tafiya, kuma Richards ba zai ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare ba. Wanda ya yi wannan lissafi ya san abin da ke gabansa sarai. Masu ba da labari sukan nuna mutanen nan kamar ba su san tsoro ba, alhali ƙwararru ne da suka auna haɗarin har da gidan da zai iya rasa magidanci da magaji lokaci guda. Neil ɗin nan daga baya shi ya zama shugaban jirgin ceton Penlee.

Abin da ake yawan tsallakewa kuwa shi ne awa biyun da suka gabata. Tun wajen ƙarfe shida Morton ya sanar da masu gadin gaɓa halin da yake ciki. Jirgin ja mai suna Noord Holland ya yi tayin janyo shi bisa yarjejeniyar Lloyd’s, wadda a cikinta ake yanke ladan mai ja daga baya gwargwadon darajar jirgi da kayan da aka tsirar. Morton ya ƙi da farko. Kafin a daidaita, iska ta riga ta tura jirgin kusa da duwatsu, inda mai ja ba zai iya matsowa ba. Binciken da aka yi a 1983 bai ɗora wa kowa laifi ba, kuma ni ma ba zan ɗora ba; kyaftin da ke kan jirgin wani ba shi da sakin hannu a kan kuɗin mai jirgi. Amma batun ciniki ne, kuma ciniki ba ya sa hawaye, shi ya sa mai tara taimako ba ya son tsayawa a kansa.

Jama’a sun tara wa iyalan sama da fam miliyan 3, kuma har yau ana kashe fitilun Kirsimetin Mousehole na awa ɗaya duk ranar 19 ga Disamba. Duka sun dace. Sai dai abin da ke hana a sake aika mutum takwas cikin irin wannan ruwa yana cikin ɓangaren da ake tsallakewa: a yau hukumomin Birtaniya na da ikon tilasta wa jirgin da ke cikin haɗari ya karɓi ja, ko kyaftin da mai jirgi sun so ko sun ƙi. Duk wanda ya ba ka labarin Penlee ya fara daga ƙarfe 8:12, rabin labari ya ba ka.