3.4 Nauyin Laifi A Fim Ɗin Sarraounia

Med Hondo ya gina wannan fim na 1986 a kan littafin Abdoulaye Mamani. Jigonsa shi ne tirjiyar Sarauniya Mangu a Lugu ga rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi kisan kiyashi a Birnin Konni a 1899. A ra'ayin mai wannan nazari, raunin fim ɗin shi ne yawan jaddada haukar Voulet, har mai kallo ya ɗauka laifin mutum ɗaya ne. Alhali gwamnatin Faransa ce ta tura su, kuma bayan mutuwarsu rundunar ta ci Damagaram, Faransa ta riƙe ƙasar. Hausawa na cewa, kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.