Zagi a Kasuwa: Littattafan Taurarin Shirin Zahiri da Masu Raina Su

Wani abokina malamin adabi ya tarar da ni a teburin mai shayi riƙe da L.A. Candy na Lauren Conrad. Littafin na gwanjo ne, gefensa ya naɗe, wata yarinya da ban sani ba ta rubuta sunanta a shafin farko da biro ruwan hoda. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya bayansa, ya miƙo mini. "Haba malam, har da kai? Wannan ai tallar turare ce aka yi wa bango." Na yi dariya na bar zancen, don shayina na hucewa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda irinta aka yi wa littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, lokacin da aka laƙaba musu adabin kasuwa, kuma da yawan masu yanke hukuncin ba su kai ƙarshen ko guda ɗaya ba.

Tarihin wannan nau'i gajere ne. Nicole Richie, wadda ta yi The Simple Life tare da Paris Hilton, ta fitar da The Truth About Diamonds a 2005. A Ingila Katie Price ta biyo baya da Angel a 2006 da Crystal a 2007, wanda cinikinsa a lokacin ya zarce na littattafai shida da suka kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker ta shekarar idan an haɗa su, abin da har yau wasu ba su yafe mata ba. Conrad ta zo da L.A. Candy a 2009, ta yi masa ƙanne biyu a 2010, sannan ta buɗe wani jerin da The Fame Game a 2012. Shekarar 2011 ita ce kakar abin: Snooki ta Jersey Shore ta saki A Shore Thing a farkonta, su Kourtney da Kim da Khloé Kardashian suka rufe ta da Dollhouse. Zuwa 2014, da Kendall da Kylie Jenner suka gwada labarin wata duniya ta gaba, kasuwar ta riga ta fara watsewa, Instagram ya karɓe aikin.

Babban ƙorafin masu suka shi ne ba taurarin suka rubuta ba. Wannan ba fallasa ba ce. An san Rebecca Farnworth ce ta riƙa rubuta na Katie Price, an san Valerie Frankel ce ta zauna da Snooki. To sai me? Alexandre Dumas yana da Auguste Maquet a bayansa, ba a kuma kore shi daga ajin adabi ba. Tsohuwar da ta zauna gaban marubucin wasiƙa a bakin gidan waya tana faɗa yana rubutawa, wa ya taɓa cewa wasiƙar ba tata ba ce? Alƙalamin haya ne, damuwar tata ce. Ƙorafi na biyu, wai rubutun ba shi da nauyi, da wannan kam na yarda. Jimlolin gajeru ne, sunayen takalma da jakunkuna sun fi sifofin zuciya yawa, kowane saurayi kyakkyawa ne da irin kyau guda. Sai dai wanda ya shiga rumfar mai alewa yana neman tuwo, shi ya ɓata hanya.

Abin da Turawan Faransa suka kira labari mai mabuɗi, salon da ya faro tun ƙarni na 17, mu habaici muke ce masa. Ba ka kama suna, amma ka zana mutum har ya ji a jikinsa, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Duk littattafan nan a kan wannan suka tsaya. Jarumar Richie, Chloe Parker, yarinya ce da wani shahararren mawaƙi ya ɗauka riƙo, kamar yadda Lionel Richie ya riƙi Nicole. Tana kuma da wata ƙawa 'yar masu kuɗi da masu karatu suka ce Paris Hilton ce, a shekarar da su biyun suka daina magana. Richie ta ƙara wata dabara da nake so: ta sa kanta a littafin da sunanta na gaskiya a matsayin mai ba da labari, wato ta raba kanta biyu, mai hankalin tana kallon mai rawar kan tana girgiza kai. Masu sharhi a nan suke tsayawa, su jera wane shi ne wane, su rufe littafi. Ni kuwa a ganina habaicin ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin shi ne juya kyamara.

Sai an tuna dokar The Hills, shirin Conrad wanda MTV ta nuna daga 2006 zuwa 2010, kafin a gane abin da nake nufi. Dokar ita ce babu wanda zai nuna ya san ana ɗaukarsa. Conrad tana kan bangon mujallu, 'yan jarida na bin motarta, tana da kamfanin tufafi mai sunanta, amma a allon talabijin 'yar koyon aiki ce mai fargabar faɗan shugabarta. Abu mafi girma a rayuwarta, wato shirin kansa, shi ne abin da ba a ambata a shirin da ake cewa rayuwarta ce. To L.A. Candy wannan gurbin ya zo cikewa. Jane Roberts, 'yar shekara 19, ta baro Santa Barbara zuwa Los Angeles da aminiyarta Scarlett Harp. Wani furodusa mai suna Trevor Lord ya gan su a gidan rawa ya yi musu tayin shiri. Daga nan littafin ya shiga nuna duk abin da allo ke ɓoyewa: yadda ake manna makirfo a ƙarƙashin riga da salatif, takardar amincewa da dole duk wanda zai bayyana ya sa wa hannu, gidan alfarma da tashar ke biya, ƙarin girman da Jane ta samu a wurin aiki daidai lokacin da kyamarori suka iso, da saƙon waya da ke shigo mata tana tsakiyar hira ana gaya mata abin da za ta tambaya.

Dubi saƙon wayar nan da kyau, don a wurina shi ne zuciyar littafin. 'Yan mata biyu na zaune suna cin abinci, ɗaya ta dubi wayarta, ta ɗago, ta tambayi ɗayar labarin saurayinta. Mai kallon talabijin ya ga ƙawa mai kula. Mai karatu ya ga umarni daga wata ma'aikaciya da ke tsaye bayan fitilu. Tambayar guda ce, kalmomin ba su canza ba, amma yanzu ka san inda ta fito. Abin da ya fi daɗi, mai tambayar tana iya kasancewa da gaske ta damu da amsar. Littafin bai ce ƙawancen ƙarya ne ba. Cewa ya yi an kai matsayin da su kansu ƙawayen ba sa iya rarrabe wace tambaya ce tasu, wace ce ta furodusa. A littafi na biyu wata abokiyar aiki da Jane ke zuba wa sirrinta ta tabbata Trevor ne ya dasa ta a ofishin, kuma duk da haka son da take yi wa Jane ba na wasa ba ne. Na karanta manyan littattafai masu lambar yabo da suka yi shafi ɗari suna kewaya wannan batu ba su kama shi yadda wannan wayar ta kama shi ba.

Sannan ga sauya ido. Labarin ba ya zama a kan Jane kaɗai. Babi ya koma kan Scarlett, ya koma kan abokiyar shirinsu Madison Parker, ya shiga kan Trevor kansa yana tunanin yadda zai haɗa wance da wane don kashi na gaba ya yi armashi. A talabijin mai tace hoto shi ne sarki: ya ɗauko harara ta ranar Litinin ya liƙa ta a maganar ranar Alhamis, shi ke nan an yi gaba. A littafin sai tauraruwar ta karɓe almakashin, ta zaunar da furodusa gaban kyamara, ta tace shi yadda ta ga dama. Ba ta mai da shi dodo ba, wannan ma wayo ne. Mutum ne mai fara'a da ke neman abincinsa, wanda hawayen yarinya a wurinsa kaya ne da za a kai kasuwa. Haka ƙarshen littafin farko: Madison ce ta miƙa wa mujallar gulma hotunan da suka tona asirin Jane, kuma ita ce ta zo da lallashi ta ɗauke ta zuwa Meziko don ta huta. Mai karatu ya sani, Jane ba ta sani ba. Mai cizo shi ne mai hura wa.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa jigon littattafan nan shi ne ƙawance da dangi da suna. Wannan rubutun bayan bango ne. Ni a karatuna labarin ƙwadago ne, ƙorafin ma'aikaciya a kan ubangidanta. Yarinya ce da aka ɗauka aiki, aikin kuwa shi ne ta yi ƙawa, ta yi saurayi, ta yi faɗa, ta yi kuka a inda haske ya fi kyau. Irin waɗannan shirye-shirye kan ɗaure mahalarta da yarjejeniyar rufe baki, kuma ko babu takarda, wanda ke cin abinci a gida ba ya zagin mai gida da suna. Sai a canza suna, a ce ƙagagge ne. Shirin da ake kira na zahiri ya cika da shiri, littafin da aka rubuta wa ƙage a goshi kuma nan aka ajiye gaskiyar. A watan Yunin 2009 da L.A. Candy ya fito, Conrad ta faɗa a shirin The View cewa wayar ban haƙuri da aka nuna a The Hills Spencer Pratt ya yi mata, ba ita ce a ɗaya ɓangaren layin ba. Wanda ya karanta Jane Roberts bai yi mamaki ba.

Da wannan ma'aunin nake auna sauran, shi ya sa Dollhouse bai burge ni ba duk da ya fi su hayaniya. Kamille da Kassidy da Kyle Romero, uwa mai suna Kat, uba ya rasu, mijin uwa tsohon ɗan wasa: habaicin ya yi kusa har ya daina zama habaici. Akwai cin amana, akwai ciki, akwai biki, amma babu ubangidan da za a yi wa zagi, domin uwar su Kim ita ce manajarsu kuma tana cikin masu shirya shirinsu na talabijin. Gidan ne kamfanin. Mai riƙe da almakashi ba ya da ƙorafi a kan tela, sai littafin ya zama wani reshe na kanti, har sunansa ma masoya aka tambaya suka zaɓa. Ya kuma fito makonni biyu bayan Kim ta nemi a raba aurenta na kwana 72, rayuwa ta riga littafin ba da labari. Na Snooki kuwa raha ce zalla ta 'yan uwa biyu a bakin tekun Seaside Heights, ba ya da'awar komai, ni ma ba na tuhumarsa da komai.

Conrad ta bar The Hills a 2009. A watan Yulin 2010 aka nuna kashin ƙarshe: Brody Jenner na tsaye a titi yana kallon motar Kristin Cavallari na tafiya, tsaunin Hollywood a bayansa. Sai wasu ma'aikata suka turo tsaunin gefe, ashe hoto ne a kan taya, kyamara ta ja baya, ga fitilu, ga wayoyi, ga filin ɗaukar fim, motar ma ba ta je ko'ina ba. Masu sharhi suka yi ta tafi, wai tashar ta yi ƙarfin hali ta tona kanta. Yarinyar da ta rubuta sunanta da biro ruwan hoda, in dai da fitowar littafin ta saya, ta riga su sani da shekara guda.