Sha Biyar ko Sha Takwas: Me Lambar Fim Ke Aunawa a Minna?

Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 85 a shekarar 1993, tana kasa fina-finai gwargwadon shekarun mai kallo. Akwai G na kowa da kowa, da PG wanda ake son babba ya sa ido, sai 12 da 12A, sai 15, sai 18, sai RE wanda aka taƙaita inda za a nuna shi. A takarda tsarin ba shi da laifi. Sai dai ya dogara ne ga mai tsaron ƙofar sinima da zai dubi fuskar yaro ya ce masa koma gida, ko uban da zai juya bangon kaset ya karanta kafin ya biya.

Ɗan shekara goma sha huɗu a Kpakungu ko Maitumbi ba ta nan fim ke iso masa ba. Yakan miƙa memori ga mai turi a gefen kasuwar Kure ko kusa da shataletalen Mobil, ya ce a zuba masa na ban tsoro, ko abokinsa ya tura masa ta Xender a bayan aji. Fim ɗin da ya zo ta wannan hanya ba bango, sau da yawa ma an datse farkonsa inda lambar take. Idan na Indiya ne da aka fassara da Hausa, irin aikin da Algaita ta yi suna a kansa, to murya ma ta zama ta gida. Kano tana da hukumar tacewa tata tun 2001, amma ikonta bai tsallako iyakar jiharta ba, balle ya shiga wayar da ke ƙarƙashin bargo a Bosso da ƙarfe ɗayan dare.

Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ko da lambar ta iso, me ta auna?

Tsarin lambobin nan aro ne, kuma fina-finan tsoro na cikin abin da ya haife shi. A Ingila an ƙirƙiro alamar H tun 1932 musamman don su. A Amurka, ƙorafin iyaye kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom ne ya sa aka ƙirƙiro PG-13 a 1984. Masu tacewar can sukan ƙirga abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji: yawan jini, tsiraici, ashar, tsawon lokacin da aka bar kyamara a kan rauni. A 2012 an yanke daƙiƙa 6 daga The Woman in Black, aka duhunta wasu wurare, aka rage ƙarar sauti, don fim ɗin ya sami 12A a Ingila, saboda an san yaran da suka taso da Harry Potter za su bi Daniel Radcliffe, jarumin da ya fito a duka biyun. Duk da haka shi ne fim ɗin da aka fi kai ƙorafi a kansa a shekarar. Tsoro ba ya aunuwa da daƙiƙa, ko a wajen waɗanda suka ƙirƙiro ma'aunin.

Akwai kuma wani zato da ke ƙarƙashin ma'aunin: cewa matashi ya san fatalwa ƙarya ce, in an kunna fitila ta tafi. A Minna zaton nan bai tsaya ba. Yaron da ya haddace Suratul Jinn a Islamiyya, ya taɓa jin ihun wadda ake yi wa ruƙiyya a maƙwabta, ba ya kallon fim ɗin aljanu a matsayin almara. Haka abokinsa da ke zuwa coci inda ake addu'ar korar miyagun ruhohi. Bahaushe da Banufe da Bagwari, kowa da labarin maitarsa a gida. Don haka fim ɗin gawarwaki masu tafiya a birnin Turawa, wanda jini ya sa aka ba shi 18, yakan zame wa yaranmu abin shewa, suna dariya suna cewa kwalliya ce da jan ruwa. Wanda ba ɗigon jini a cikinsa, amma wata tsohuwa ta kama kurwar jikarta, shi ne ke bin su har shimfiɗa. Kuma da safe akwai tsohuwa ta gaske a ƙarshen layi, matalauciya marar gata, wadda ido zai fara komawa kanta. Mun san yadda abin ke ƙarewa a garuruwanmu: a taru a ƙofar gida, a tilasta mata tsallaka marar lafiya, wani lokaci abin ya wuce nan.

Najeriya ta riga ta ga misali. A 1999 Helen Ukpabio ta fitar da End of the Wicked, fim ɗin da ya nuna ƙananan yara suna fita taron mayu da dare suna halaka iyayensu. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta shi da yawaitar zargin maita a kan yara a Akwa Ibom da Kuros Riba, abin da tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna wa duniya a 2008. Ukpabio ta musanta zargin, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa fim guda al'adar da ta girme shi. Amma a ganina nan ne ainihin tambayar take: idan an kashe kallo, wa fim ɗin ya bar yaro yana zargi? Lamba 15 ba ta da bakin amsa wannan. Dokar da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta sanar a watan Mayun 2024, wadda ta hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi, ta ɗan matso kusa, domin ta dubi abin da fim ke koyarwa, ba yawan jininsa kaɗai ba. Dokar ta zo ne shekara 32 bayan fim ɗin Living in Bondage ya buɗe wannan babi a 1992.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi shafar jihar Neja, inda Minna take. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta daɗe tana nazarin tsoron yara a gaban allo, ta nuna cewa ƙananan yara mummunar siffa ke firgita su, amma idan suka tasa sai tsoronsu ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske. To, a watan Fabrairun 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara da dare suka kwashi ɗalibai da malamai. A ƙarshen Mayun shekarar suka ɗebe yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, sai a Agusta aka sako su. Iyalai da dama daga Rafi da Shiroro da Munya sun baro ƙauyukansu, wasu suna nan cikin Minna, 'ya'yansu na zaune a aji ɗaya da namu. Fim ɗin da masu rufe fuska ke fasa ɗakin kwanan ɗalibai, a wajen mai tacewa a wata ƙasa nishaɗin matasa ne. A wajen yarinyar da ta taɓa kwana a daji, fami ne. Shekarunta sun kai, amma ba shekaru ne abin dubawa ba.

Ba ina cewa a hana matasa fim ɗin tsoro ba ne, ko da hanawar za ta yiwu. Son a firgita ba a fim ya fara ba. Da Dodo aka raine mu, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san labarin Madam Koi-Koi mai takalmi mai ƙwas-ƙwas tun kafin a mayar da shi fim a Netflix a 2023. Ben Okri ma, wanda aka haifa a Minna a 1959, da labarin yaron da ke kai-komo tsakanin duniyar mutane da ta iskoki ya ci kyautar Booker a 1991. Bambancin tatsuniya shi ne mai ba da ita tana ganin fuskokin masu sauraro. In ta ga ƙaramin ya ƙanƙame zanenta sai ta sassauta, ta sako Gizo a yi dariya, a ƙarshe kuma ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san shiri ne. Ta san wanda ya yi rashin uwa bana, ta san labarin da ba za ta taɓo ba a gabansa.

Wanda ya gaji kujerarta yau, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne mai turi. Ya kalli fina-finan, ya san abokan cinikinsa da sunan iyayensu, kuma da yawansu sukan ce wa yaro, "Kai ƙane, wannan ba naka ba ne," idan akwai batsa a ciki. Kunyar batsa muke da ita, shi ya sa tacewarmu ta gida ta ƙare a kan sutura da rawa da taɓa jiki. Uwa za ta ƙwace waya don an rungumi juna a fim, amma ta bar ɗanta ya kalli sa'a biyu na yadda kishiya ke cinye 'ya'yan miji da maita, alhali kishiyar tata tana ɗakin da ke kallon nasu.