Gidan Jinya ko Gidan Fatalwa?

In cuta ta ja baya, me ya kamata a yi da gidan da aka gina dominta? Ga gidaje biyu, mu auna su.

Na farko yana ƙasar Amurka, a jihar Kentaki. Sunansa Waverly Hills. An buɗe shi a 1910 domin masu tarin fuka. A 1926 aka ƙara babban bene mai ɗaukar majinyata 400. A lokacin cutar ba ta da magani, sai hutu da abinci mai kyau da shan iska. Mutane da yawa sun rasu can. Har da hanya ta ƙarƙashin ƙasa ake fitar da gawa, don kada masu jinya su gani su karaya.

A 1943 aka gano maganin farko. Majinyata suka yi ta raguwa, aka rufe asibitin a 1961. Ya zama gidan kula da tsofaffi wajen shekara 20. Yau kuwa baƙi ke biyan kuɗi su shiga da dare, wai neman fatalwa.

An ce da kuɗin ake gyaran ginin. Duk da haka abin bai kyautu ba. Waɗanda suka rasu can ƴaƴan mutane ne, ba abin wasa ba. Kuma wasan yana koya wa jama'a tsoron asibitin tari. Mun san wannan tsoron nan Matamai: mutum ya yi wata uku yana tari, ya ɓoye don kada a guje shi, har ya shafa wa iyalinsa.

Gida na biyu namu ne: Danja, kudu da Maraɗi. Ƴan mishan suka kafa shi a 1956 domin masu kuturta. Da kuturta ta samu magani, ba a bar wurin ya zama kufai ba. A 2012 aka buɗe sashen aikin yoyon fitsari. Matan da haihuwa ta yi wa lahani suna zuwa, a ɗinke su, su koma gida da mutuncinsu. Wannan ne amfanin tsohon asibiti: ya ci gaba da jinyar masu rai.

Tarin fuka dai bai ƙare a ƙasarmu ba. Amma yana warkewa da maganin wata 6, kuma kyauta ake ba da shi. Wanda tarinsa ya wuce sati 2, ya je likita a auna kakinsa.