Aron Labari a Ayyukan Girish Karnad

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masu nazarin adabi, watau ko marubucin da ya ari labarinsa ya cancanci yabo daidai da wanda ya ƙaga nasa. Mu ma nan mun sha jin irinta game da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Nufin wannan takarda shi ne a duba gardamar ta kan ayyukan wani Ba'indiye, Girish Karnad, domin kusan duk manyan ayyukansa bisa labarin aro su ke tsaye.

An haifi Karnad a 1938, ya rasu a Bengaluru a 2019. Harshen gidansu Konkani ne, amma ya tashi a Sirsi da Dharwad, ƙasar da a ke jin Kannada. Shi Kannada yana cikin dangin harsunan Dirabidiya na kudancin Indiya, asalinsa daban ne da na Hindi, harshen da masu zuwa silima a ƙasar Hausa suka fi sabawa da shi. Karnad ya karanta lissafi a Dharwad, sa'an nan ya yi karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila daga 1960 zuwa 1963. Ga shi ya ƙware da Turanci, amma da Kannada ya rubuta shahararrun wasanninsa na kwaikwayo, daga baya ya juya yawancinsu da Turanci da kansa.

Wasansa na fari, Yayati (1961), daga Mahabharata ya ɗauko shi. Labarin wani sarki ne da tsufa ya auka masa, ya roƙi ɗansa Puru su yi musayar shekaru. A tsohon labari biyayyar ɗan a ke yabo. Karnad kuwa sai ya ƙaga wa Puru amarya, Chitralekha, wadda ta tarar angonta ya zama tsoho tukuf ba da shawararta ba, har ta sha guba. Da wannan amarya da ya ƙara, labarin biyayya ya koma tuhuma: wa a kan bari da asara in ɗa ya sadaukar da kansa?

Wannan dabara ta kai ƙarfinta a Tughlaq (1964). Muhammad bin Tughlaq ya yi sarautar Delhi daga 1325 zuwa 1351, shi ne sarkin da Ibn Battuta ya yi wa alƙalanci. Tarihi ya riƙe masa abu biyu: tayar da mutanen Delhi zuwa Daulatabad, da buga kuɗin tagulla da ya ce a karɓa a matsayin azurfa, har jabu ya cika gari. Karnad bai taɓa waɗannan ba. Abin da ya ƙara shi ne wani wanki mai suna Aziz, mayaudari, wanda kowace doka sarki ya kafa don adalci, shi ne na fari da zai ci ribarta. Wasan kan fita daga fada ya shiga titi, ya kuma komo fada, ta yadda mai kallo zai ji kyakkyawar niyya a bakin sarki, nan take kuma ya ga abin da ta zama a hannun Aziz. Salla ma ta zama ma'auni: lokacinta a ke zargin an kashe uban sarki, lokacinta aka shirya kashe shi, sai ya hana yinta. A ƙarshe, da asirin Aziz ya tonu, muƙami sarki ya ba shi. Wasan ya fito shekarar da Nehru ya rasu, mutanen Indiya kuwa ba su bukaci a gaya musu wane zamani a ke nufi ba.

Haka Hayavadana (1971) ya ke. Tushensa tsohon labarin Sanskirit ne na mutum biyu da aka yi musayar kawunansu, wanda Bajamushe Thomas Mann ya riga ya sāke rubutawa. Karnad ya kewaye shi da labarin wani mai kan doki da ke neman zama cikakken mutum, ya ƙare a cikakken doki.

To, a silima fa? Nan ne, a ganina, hukunci ya ke sākewa. Karnad ya tsara Samskara (1970) daga littafin U. R. Ananthamurthy, ya kuma fito a matsayin babban malamin cikinsa. Shi da B. V. Karanth suka ba da umurnin Vamsha Vriksha daga littafin S. L. Bhyrappa, suka sami lambar ƙasa. Kaadu (1973) da Kanooru Heggadithi (1999) su ma daga littattafai su ke. Finafinai ne masu kyau, sun kuma taimaka wajen kafa sabon salon silima a Kannada. Amma a cikinsu Karnad amintaccen tafinta ne. Littafin zamani yakan zo da tambayarsa a shirye, mai shi kuwa sau da yawa yana raye, saboda haka babu wurin da za a cusa wata Chitralekha ko wani Aziz. Tatsuniya da tarihi su ne suka bar masa fili.

Ashe ke nan ba kowane aro ne ɗaya ba. Akwai wanda a kan mayar yadda aka karɓo shi, akwai kuma wanda mai aro kan ƙara masa abu guda, ma'anarsa duka ta juya. Lambar Jnanpith ta 1998, babbar lambar adabi ta Indiya, marubucin wasanni aka ba, ko da ya ke jama'a da yawa a matsayin shugaban 'yan leƙen asiri cikin Ek Tha Tiger (2012) kaɗai suka san fuskarsa. Mai nazari da ya gano inda marubuci ya samo labarinsa, rabin aikinsa ya yi. Saura ya nuna abin da aka ƙara, da kuma abin da ƙarin ya haifar.